Zamanin Zaɓi Sonka: Tarihin Nishaɗin Rediyo a Damari da Kudancin Katsina

Shirin nishaɗi na rediyo, irin wanda ake haɗa kiɗa da waƙa da wasan kwaikwayo da barkwanci da gaishe-gaishe, ya yi kusan shekara talatin yana riƙe da hirar dare a garuruwan kudancin Katsina. Damari, wadda ke ƙaramar hukumar Sabuwa a yau, tana cikin waɗannan garuruwa, ita da ƙauyukan Faskari da Ƙanƙara da Ɗandume. Ƙasa ce ta manoman auduga da dawa da masara, tana maƙwabtaka da Birnin Gwari ta jihar Kaduna, kuma Funtuwa ce babbar kasuwar yankin da tasharsa. A shekarun da ake magana a kansu, yawancin ƙauyukan ba su da wutar lantarki, ba su da gidan silima, jarida kuwa sai wadda wani ya riƙo daga Funtuwa bayan ta kwana biyu. Akwatin rediyo mai batir shi ne baƙon da ke zuwa kullum.

Tun kafin akwatin ya iso, mutanen wannan ƙasa suna da nishaɗinsu cikakke. Akwai dandali inda 'yan mata ke gaɗa da farin wata, akwai kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, akwai tashe idan azumi ya kai kwana goma. 'Yan kama suna yin shigar malamai su yi ta wa'azin tuwo da nama, 'yan gambara suna zaga kasuwa da habaici, makaɗan noma suna zuga samari a gayya, mata suna kiɗan ƙwarya a gidan biki, tsofaffi suna tatsuniya da kacici-kacici. Sai dai kowane ɗaya yana da wurinsa da mutanensa. Makaɗin fada na sarki ne, talakan ƙauye yana iya tsufa bai taɓa jin taushi ko kotso da kunnensa ba. Matar da ke kulle ba ta san abin da ɗan gambara ya faɗa a kasuwa ba sai an ba ta labari, namiji kuma ba ya shiga inda ake amada. Waɗannan katangu su ne rediyo ya zo ya tsallake.

Sababbin abubuwa sun fara shigowa yankin ne ta hanyar dogo. A 1929 aka kammala layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda, saboda kwasar auduga da gyaɗa. 'Yan kasuwa da ma'aikatan kamfanoni suka zo da garmaho da faya-fayai, amma kaya ne na masu hali, kuma kowane gefen faifai bai wuce kamar minti uku ba. A Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, Abubakar Imam yana editanta. Motar majigi ta gwamnati takan leƙo jefi-jefi, ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, washegari ta wuce.

A daidai wannan lokaci, a Ingila da Amurka shirin nishaɗi na rediyo yana kan ganiyarsa. Jack Benny ya riƙe Amurkawa da shirinsa na barkwanci da kiɗa daga 1932 har 1955, Tommy Handley kuma ya ɗebe wa mutanen Ingila kewa a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu da shirin ITMA, wanda ya gudana daga 1939 zuwa 1949. A Disambar 1932 BBC ta buɗe sashen watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen da Ingila ke mulka, Ikko kuma tana cikin masu kamawa. Abin da aka fara kawowa Nijeriya rediyon waya ne: tasha guda ta kama shiri, a tura shi ta waya zuwa akwatunan da aka kafa a gidajen masu biyan kuɗin wata da kuma lasifikokin da aka rataya a wuraren taruwar jama'a. Kano ta samu nata a 1944. Tun a lokacin ake kiran makaɗan gari su shiga ɗakin watsa shiri su yi wasa. Amma inda waya ta tsaya nan murya take tsayawa, saboda haka ƙauye bai ci moriyar wannan tsari ba.

Akwai labaran da ake bayarwa game da farkon ganin akwatin. Ana cewa wasu sun ɗauka ƙananan mutane ne a ciki, wasu suka ce aljanu ne, har akan ce wata tsohuwa ta ajiye wa masu maganar fura don kada yunwa ta kama su. Irin wannan labari ana jin sa kusan a kowane gari, kowa yana jingina shi ga kakarsa ko ta maƙwabta, don haka ya fi kama da almarar hira. Abin da ya tabbata shi ne wasu malamai sun yi ɗari-ɗari da na'urar da farko, kuma karatun Alƙur'ani da tafsiri da aka riƙa sakawa sun taimaka ƙwarai wajen sanya ta shiga gidajen da da ba za ta shiga ba.

A 1951 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa hukumar watsa shirye-shirye ta Nijeriya, ta ɗauko Tom Chalmers ya shugabance ta. Kafin zuwansa shi ne shugaban Light Programme, wato tashar BBC ta kiɗa da barkwanci da wasanni, saboda haka tun daga tushe nishaɗi ya samu gurbi kusa da labarai. Aka buɗe reshe a Kaduna domin Arewa. A Afrilun 1957 hukumar ta koma NBC. Makonni kaɗan kafin haka, ranar 13 ga Maris 1957, BBC ta fara magana da Hausa daga Landan, da shiri na minti 15, kuma muryar da aka fara ji ta Aminu Abdullahi Malumfashi ce. Malumfashi maƙwabciyar Ƙanƙara ce, don haka mutanen kudancin Katsina suna da haƙƙin tinƙaho da wannan rana. A shekarun nan ne kuma Shu'aibu Maƙarfi ya riƙa rubuta wasannin kwaikwayo ana yin su a rediyon Kaduna, daga baya aka buga su littafi: Zamanin Nan Namu a 1959, sannan Jatau Na Kyallu. Wasanni ne kan aure da tarbiyya da ruɗin birni, kuma su suka shata hanyar da wasan rediyo na Hausa ya bi shekaru da yawa.

Babban sauyi ya zo a 1962. Gwamnatin yankin Yamma ta buɗe gidan talabijin nata a 1959, ta Gabas ta biyo baya a 1960, sai gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa kamfanin BCNN tare da kamfanonin Granada da EMI na Ingila. A watan Maris na 1962 gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna ya fara aiki. Da farko talabijin ɗin bai wuce Kaduna da kewaye ba, amma rediyon, musamman a gajeren zango kan mita 49, ya game Arewa ya tsallaka Nijar da Gana da Kamaru da Cadi. Abu na biyu da ya dace da wannan lokaci shi ne ƙaramar rediyo mai taransista. An ƙirƙiro taransista a Amurka a 1947, rediyon aljihu ta farko ta shiga kasuwa a 1954, kamfanonin Japan kuma suka karya farashinta. Manomi ya sayar da auduga a kaka, ya biya haraji, ya yi wa iyali tufafi, abin da ya rage ya sayi rediyo da batir. Ana ɗinka mata riga don ƙura, ana rataye ta a ƙahon keke ko a reshen bishiya a bakin gona. Batir idan ya yi sanyi a shanya shi a rana, a samu ƙarin dare ɗaya.

Ga mutumin Damari, Kaduna ta fi birnin Katsina kusa, manyan na'urorin tashar kuma suna Jaji, tsakanin Kaduna da Zariya, don haka muryar tana zuwa tangaram. Da aka ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, lardunan Katsina da Zariya suka zama jihar Arewa ta Tsakiya mai hedikwata a Kaduna, wadda aka sauya wa suna zuwa jihar Kaduna a 1976. Har zuwa 23 ga Satumba 1987, ranar da aka ba Katsina jiharta, rediyon Kaduna rediyon gida ne ga wannan yanki. Ta nan aka ji sanarwar juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, ta nan aka bi labarin yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, lokacin da makaɗa da marubuta waƙoƙi suka cika tashar da waƙoƙin ƙarfafa wa soja gwiwa. Bayan rushe gwamnatin Arewa, jihohi shida na yankin suka ci gaba da riƙe gidan rediyon tare.

Shekarun 1970 da farkon 1980 su ne ganiyar abin. Kuɗin man fetur sun shigo, ƙarin albashin da ake kira na Udoji ya sa ma'aikata sayen kaya, rediyo ta zama cikin abin da ake kai wa amarya ɗaki. Sunayen shirye-shiryen kansu sun nuna daga inda aka ɗebo su, domin yawancinsu karin magana ne. Jakar Magori ta ɗauki sunanta daga jakar mai tallan magani, wadda ba a rasa komai a cikinta, kuma haka shirin yake, rahotanni ne da labarai iri-iri daga sassan ƙasa. Duniya Budurwar Wawa wasan kwaikwayo ne. Shafa Labari Shuni fili ne da ake karanta ƙagaggun labaran da masu sauraro suka rubuto, kuma ya ba matasa da yawa, har da matan aure, ƙwarin gwiwar riƙe alƙalami tun kafin littattafan soyayya su cika kasuwar Kano. Wasu wasannin rediyon sun koma littafi har ana karanta su a makarantu, kamar Tabarmar Kunya na Adamu Ɗangoggo da Dauda Kano a 1969, da Zaman Duniya Iyawa Ne na Alhaji Yusuf Ladan a 1980.

Babu shirin da ya shiga jinin mutanen karkara kamar Zaɓi Sonka. Tsarinsa mai sauƙi ne. Mai sauraro ya sayi katin zaɓe, ya rubuta sunansa da garinsa, ya jero waɗanda yake gaisarwa, ya faɗi waƙar da yake so, a aika Kaduna. Wanda bai iya boko ba ya nemi malamin makaranta ko wani ɗalibi ya rubuta masa. Daga nan sai jira, mako biyu ko uku, kunne a jikin akwati. Ranar da aka karanto katin, tela da mai shayi da mai gyaran keke na wani ƙauye da ba ya cikin taswira sun ji sunansu daga bakin da ke ambaton gwamna da shugaban ƙasa, kuma sun san ana jin su a Agadas da Kumasi. Washegari a kasuwa sai barka. 'Yan zaɓe suka riƙa laƙaba wa kansu sunaye na musamman don a gane su, suka kafa ƙungiyoyi gari-gari masu shugaba da sakatare da ma'aji, suna kai wa juna ziyarar biki da suna da ta'aziyya. Mutum biyu sukan yi shekaru suna gaisawa ta iska kafin su ga fuskar juna. Ana ba da labarin aure da dama da aka ƙulla ta wannan hanya. Ƙwarewar mai gabatarwa kuwa tana ga iya karanta sunaye bila adadin ba tare da tuntuɓe ba, da faɗin sunan kowane ƙauye yadda masu shi ke faɗinsa, da ɗan barkwancin da zai sa mai kati ya ji an san da zamansa. Wannan aiki ne mai wuya, kuma waɗanda suka iya shi sun cancanci a tuna da su tare da makaɗan da suke sakawa.

Waƙar da aka fi zaɓa, a wannan yanki da ma wajensa, ta Mamman Shata ce. An haife shi a Musawa a 1923, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, ya yi tallan goro da alewa, ya zauna a Bakori, daga baya ya kafa gida a Funtuwa. Da kalangu da 'yan amshi yake waƙa, kuma ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi da manoma da sojoji, ya yi wa garuruwa da ƙasashen da ya ziyarta. Bakandamiyarsa ita ce kirarin da ya yi wa kansa. Mutane suna cewa yana da aljanu masu ba shi waƙa, wasu ma suna danganta shi da ruwa da kada. Wannan zancen jama'a ne. Abin da waɗanda suka yi aiki da shi suka shaida shi ne yana ƙirƙirar waƙa nan take, a gaban makirfo ko a gaban taro, kuma da wuya ya maimaita ta daidai da yadda ya yi ta jiya. Rediyo ta dace da irin wannan baiwa fiye da faifan garmaho, domin tef yana ba shi sarari ya ja waƙa yadda yake so. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Mutanen Faskari da Sabuwa suna iya cin karo da shi a Funtuwa da rana, da dare su ji shi daga Kaduna.

Funtuwa ta kuma ba da Barmani Coge, wadda aka haifa a Gwaigwayi kusa da garin. Amada kiɗan cikin gida ne na mata, da ƙorai a kife, wasu a kan ruwa. Barmani ta fito da shi fili da murya mai kauri da baki marar tsoro, tana waƙar kishi da haihuwa da zaman aure, tana zuga mata su kama sana'a. Ita da Uwaliya Mai Amada ta Kano suka sa maza suka ji abin da mata ke faɗa idan sun keɓe. Ta ɗaya ɓangaren, matar da ke tsakar gida tana tankaɗe ta ji kotson Musa Ɗanƙwairo da taushin Sarkin Taushin Katsina, ta ji Ɗan Anace yana wasa 'yan dambe, abubuwan da a da sai dai labari. Ɗanmaraya Jos, da ɗan kuntiginsa shi kaɗai ba 'yan amshi, ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata nasiha. Haruna Uji ya zo da gurmi daga Haɗeja, Hassan Wayam da kukuma daga Zariya.

Ladan da gidan rediyo ke biyan makaɗi bai taka kara ya karya ba. Ribar tana ga suna, domin wanda aka ji a Kaduna shi ake aika wa goron gayyata daga garuruwa masu nisa. Wannan ya sauya sana'ar kanta: makaɗi ya daina dogara ga ubangida guda, 'yan kasuwa da 'yan kwangila da shugabannin tasha suka shiga sahun waɗanda ake wasawa. Gwamnati ma ta gane amfaninsu. Da aka koma tuƙi ta hannun dama a Afrilun 1972, da aka sauya fam da sule zuwa naira da kwabo a Janairun 1973, da aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a 1976, da waƙa da wasan kwaikwayo aka fi isar da bayanin ga mutanen karkara.

A fagen wasa, tauraron da ya fi haske shi ne Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama. Banufe ne daga gidan sarautar Pategi, an haife shi a 1942, ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, ya shiga soja a zamanin yaƙin basasa. Daga bariki ya ɗebo samanjan nan mai gashin baki da tsawa, mai cakuɗa Hausa da Turancin soja, wanda ke ruri a fagen fareti amma rigimar gida ta fi ƙarfinsa. Bayan yaƙin, kusan kowane gari yana da ɗansa da ya dawo daga soja da irin wannan Hausa, saboda haka dariyar ta gane-ido ce. Ana cewa an yi masa tayin sarautar garinsu ya zaɓi wasa. Shirin ya fito a rediyo da talabijin na Kaduna tun shekarun 1970, amma a ƙauyukan da ba lantarki an san muryarsa shekaru kafin a san fuskarsa. Wasan rediyo ba shi da abin dogaro sai murya da ƙarar ƙofa da takun takalmi, sauran kuwa mai sauraro ne ke zana shi a zuciyarsa. Shi ya sa kowa a teburin mai shayi yake da nasa Samanjan.

A 1978 gwamnatin soja ta haɗa manyan gidajen rediyo ƙarƙashin hukumar FRCN, bayan ta riga ta ware talabijin ta ba hukumar NTA. Gidan Kaduna ya koma Rediyon Tarayya, ya ci gaba da riƙe gajeren zangonsa, gidajen jihohi kuma aka tsayar da su a matsakaicin zango. Tashoshin waje suna ta ƙaruwa: tashar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, ga Masko da Bejin, ga Muryar Sahel daga Yamai. Su ma sun gane cewa labarai kaɗai ba sa riƙe Bahaushe, shi ya sa BBC ta yi Taɓa Kiɗi Taɓa Karatu da Amsoshin Takardunku. Siyasar Jamhuriya ta Biyu daga 1979 ta kawo shirye-shiryen muhawara da suka fara cin lokacin kiɗa, inda irin su Halilu Ahmed Getso suka yi suna.

Raguwar ta zo sannu a hankali. Kaset ya ba mutum damar jin Shata lokacin da ya ga dama ba sai ya aika kati ba. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, finafinan bidiyo suka biyo baya, suka janye 'yan wasa da matasan masu kallo, suka zo da waƙoƙin fiyano. Dokar 1992 ta buɗe ƙofa ga gidajen rediyo masu zaman kansu, gidan rediyon Freedom ya buɗe a Kano a 2003, tashoshin FM suka yawaita, masu sauraron da a da suke taruwa kan mita guda suka rarrabu. Wayar salula ta shigo a 2001, katin zaɓe ya koma saƙon tes da kiran waya. Taurarin kuma suka riƙa tafiya: Ɗanƙwairo a 1991, Shata a Yunin 1999 aka binne shi a Daura, Barmani a Maris na 2013, Ɗanmaraya a Yunin 2015, Samanja a Nuwambar 2023.

Abin da ya rage na wannan zamani yana warwatse. Wani yana ɗakunan ajiyar gidajen rediyo a kan tsofaffin tef da zafi da ƙura ke ci, wani yana hannun masu sayar da kaset da suka kwafe shi zuwa katin waya, wani ya hau YouTube. Jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina sun samar da kundaye masu yawa kan makaɗan, kuma a 2006 aka buga Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme ya jagoranci rubutawa, cikin marubutansa har da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara. 'Yan wasa da masu gabatarwa ba su samu irin wannan kulawa ba, alhali muryoyinsu sun kwana a gidaje fiye da na kowa.

A Satumbar 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da Ɗandume da Funtuwa, aka yi watanni kafin a mayar. A tsawon wannan lokaci ba kira, ba saƙo, ba intanet. Akwatin rediyo ba ya buƙatar layi, don haka ta cikinsa labarai da sanarwa suka ci gaba da isa Damari, tare da tsofaffin faya-fayan Shata da Ɗanƙwairo da Barmani da tashoshin Kaduna da Katsina ke sakawa har yanzu.